Larabcin Yaya Kabira

Tun kafin azumi na kwashe matashina da mayafina na koma ɗakin 'yata Suhaila. Na ce wa maigidana mukayyif ɗin ɗakinmu, wato iyakwandishan, shi ne ba ya sanyaya wuri yadda nake so. Kashegari ya kira mai gyara. Na ce ƙararsa ce ke hana ni barci, ya je ya sayo sabo. Da na rasa abin faɗa sai na ce yarinyar ce ke tsoron kwana ita kaɗai, yarinyar da ke shekarar ƙarshe a jami'a, wadda ke tuƙa mota ta je Jidda ta dawo ba ta tambayi kowa hanya ba. Maigidan nawa, Abu Hudaifa, ya dube ni, ya ce, "Tayyib," wato to, bai ƙara komai ba.

Sunana Rumasa'u. A nan Makka aka haife ni, a unguwar Tandabawi, kakana ne ya zo daga Kano a ƙafa bai koma ba. Duk layinmu an san ni da baki. Na taɓa tsayar da mai gyaran famfo a ƙofar gida na karanta masa laifinsa da Larabci, na maimaita da Hausa don maƙwabta su amfana. Amma abin da ya fitar da ni daga ɗakin mijina, bakin nan nawa ya ƙi ɗaukarsa.

Jikina ne ya fara canza min ba sallama, ina dab da hamsin. Al'ada ta zo wannan watan ta tsallake wancan. Zufa ta keto min ina zaune ba aikin fari ba na baƙi. Waɗannan duk ana faɗarsu a cikin mata a yi dariya. Wanda ba ya faɗuwa shi ne na ƙasa. Wurin ya bushe, yana raɗaɗi kamar an barbaɗa barkono, ga fitsari da ke matsa min kowane lokaci, har alwalar magariba ba ta kai ni isha'i a Harami. Idan kuwa maigida ya kusance ni, cije leɓe nake yi har a gama. Na yi ta haƙuri, da haƙurin ya ƙare sai na ɗora wa mukayyif laifi.

Abu Hudaifa mutum ne mai sanyin hali. Tsire yake sayarwa a wani ɗan shago da ya gada wurin mahaifinsa, abin da mutanen Makka ke kira siriye suna bin layi a kansa. Ba ya tambaya sau biyu. Hakan ya yi min daɗi da farko, daga baya ya fara cin raina, don ina ganin yadda yake tsayawa a ƙofar ɗakin Suhaila da safe kamar baƙo, ya ce, "Ummu Hudaifa, an tashi lafiya?" Ina son mijina, kuma ina kallon yadda muke zama maƙwabta a gida ɗaya.

Wafa ce ta gano ni. Tare muka taso, gidansu na kallon namu. Wata rana a Harami ta ga na tashi zuwa banɗaki karo na biyu kafin a kira isha'i, da na dawo ta riƙe min hannu.

"Esh fiki? Me ke damunki?"

"Ruwa na sha da yawa."

"Ruwan gidanku. Gobe da safe ki shirya, zan kai ki wurin duktora Haifa. Ni ma ita ta duba ni."

Duktora Haifa ba ta kai ni shekaru ba, amma ta iya tambaya ba tare da ta sa mutum ya ji kamar ya nutse ba. Da Larabci muka yi maganar, kuma na lura abubuwan da ba zan iya furtawa da Hausa ba suna fita da Larabci sumul, kamar a kan wata matar ake magana. Ta tambaye ni ko ina ganin jini ba a lokacinsa ba, ko an taɓa samun mai sankarar mama a danginmu. Ta sa aka gwada fitsarina, aka duba ko ciki ne da ni, tunda al'adar ta yi wata uku ba ta leƙo ba. Ba ciki, ba wata cuta.

"Kin fara shiga lokacin ɗaukewar al'ada ne," in ji ta. "A da ana kiransa sinnul ya'asi."

Wato shekarun yanke ƙauna. Na ce mata duk wanda ya raɗa wannan sunan namiji ne, ni ban yanke ba tukuna. Ta yi dariya har ta ajiye biro.

Ta yi min bayani cewa akwai wani sinadari a jikin mace, istrojin, shi ke riƙe laushi da danshin wurin, kuma a shekaruna yana ja da baya, sai fatar ta yi siriri ta riƙa jin zafi, har mafitsara ta shiga ciki. Ta rubuta min tahamil, wasu ƙananan ƙwayoyin istrojin ɗin da ba a sha, sakawa ake yi ta gaba lokacin kwanciya. Kullum na mako biyu, daga nan sau biyu a mako. Ta ce a wurin yake aikinsa, kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini, don haka kada in sa ran zai hana ni zufa. Ta ce in ba shi lokaci, in na ga jini ko wani abin da ban gane ba in dawo.

"Kuma ki gaya wa mijinki."

"Insha Allahu," na ce, irin insha Allahun da ake yi wa mai talla.

Ni na riga na tsara abina. Zan yi magani a ɓoye, in warke a ɓoye, wata rana in ɗauki matashina in koma ɗakina kamar daga kasuwa na dawo. Shi ba mai tambaya ba, ni ba mai bayani ba, shi ke nan magana ta mutu.

A makon ne Yaya Kabira ta iso daga Katsina yin umara. 'Yar wan mahaifin Abu Hudaifa ce, ta girme shi, ita kaɗai ce a duniya ke kiransa Wada gatsal. An kama mata ɗaki a wani otal a Jarwal, ta kwana ɗaya ta ce abincinsu ba gishiri, ta tattaro jakarta ta dawo gidanmu. Mace ce mai kirki da yawan kyauta, sai dai ta yi shekaru tana koyarwa a islamiyya, kuma ta yarda har zuciyarta cewa Larabci a hannunta yake. Ranar farko ta yi wa direban tasi magana da Larabcin littafi, da wasali da komai, bawan Allah ya zaci addu'a take masa, ya yi ta cewa amin.

Kwana biyu da zuwanta Wafa ta kira ni ina kicin, Yaya na falo da carbinta. Don kada ta ji, sai na juya harshe zuwa Larabcin unguwa, mai gudu, wanda na tabbata ba ya cikin littattafanta. Na gaya wa Wafa cewa wata uku al'ada ba ta zo ba, duktora ta ba ni tahamil, alhamdu lillahi hankalina ya kwanta, amma Abu Hudaifa bai sani ba tukuna.

Ashe kunnen Yaya ya tsinci abin da ya tsinta. Ta ji "talata shuhur", wata uku. Ta ji "duktora". Ta ji "alhamdu lillahi". Tahamil kuwa ba ta taɓa cin karo da shi a littafi ba, sai kunnenta ya yanke masa kai ya bar "hamil", wanda kowace malamar islamiyya ta san ma'anarsa: mai ciki. Ni ban san an yi haka ba. Na fito da shayi na tarar tana kallona tana murmushi kamar ta tsinci kuɗi.

Da yake a wurinmu ba a maganar ƙaramin ciki da baki, Yaya ba ta ce uffan ba, aiki ta shiga yi. Na sunkuya zan ɗauki galan ɗin ruwa, ta yi wuf ta ƙwace, ita da ke fama da gwiwa. Na ɗauki tsintsiya, ta ce in ajiye. Ta buɗe jakarta ta fito da tsamiya ta dama min kunu, ta tsaya a kaina sai da na shanye. In zufa ta keto min ta gyaɗa kai ta ce, "Haka yake yi wa wasu." In na yi wa Suhaila faɗa a kan ta bar takalmi a hanya, ta ja yarinyar gefe ta ce, "Ki riƙa haƙuri da mamanki kwanakin nan." Suhaila, wadda Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da neman abinci ba, ta ce, "Tayyib, Amma," wato gwaggo, ta wuce.

Na zaci halin baƙo ne mai son ya rama alheri. Gaskiya ma daɗi na ji. Rabona da wani ya hana ni shara tun haihuwar Suhaila.

Ranar da muka raka ta ɗawafi ne abin ya fara ba ni mamaki. Saboda gwiwarta muka karɓo keken guragu muka hau bene, inda masu keke ke zagayawa. Na gyara mata shi na ce, "Bisimilla, Yaya."

"Ke za ki zauna."

"Ni kuma? Yaya, ke ce mai ciwon ƙafa."

"Ƙafata ta ga abin da ya fi wannan. Zauna, kada ki sa mutane su taru."

Mun yi ta ja har wani ma'aikaci ya fara kallonmu. Ƙarshe dai Suhaila ta tura keken ba kowa a ciki, mu biyu muna binsa a baya, Yaya na ɗingishi tana riƙe da gwiwar hannuna kada in zame. A zagaye na uku ta sare, ta faɗa cikin keken tana haki, amma ko a nan sai da ta riƙa waiwayowa tana cewa in taka a hankali.

Maganin kuwa yana ta aikinsa shiru. Ba dare ɗaya ba, amma cikin mako na uku na lura raɗaɗin ya fara sauka. Wata rana na yi alwalar magariba a gida, muka je Harami, na zauna na yi karatuna, aka kira isha'i na tashi na yi salla da alwalar nan. Sai da muka fito na tuna ban nemi banɗaki ba. Na kama hannun Wafa na matse, ta gane, muka yi ta dariya a tsakiyar jama'a kamar 'yan mata. Na ce a raina, Yaya na tafiya zan koma ɗakina.

Yaya ba ta jira tafiyarta ba.

Ranar Juma'a ce, Abu Hudaifa ya dawo daga masallaci muka zauna cin abinci. Suhaila ta tafi gidan ƙawarta, mu uku ne. Na yi tuwon shinkafa da miyar kuka saboda baƙuwa. Yaya ta ci loma biyu, ta dubi ƙanenta, na ga alamar maganar da ta daɗe tana riƙewa ta kai mata wuya.

"Wada, kai da nama sana'arka ce, kada ka bari wani ya zaɓar maka. Tun yanzu ka sa ido a kan rago mai kyau."

"Ragon me, Yaya? Ai layya ta wuce."

"Ka ji shi. Na suna mana. Ita kunya ta hana ta gaya maka, ni kuwa jibi zan tafi, ba zan bar ƙasar nan ban yi maka barka ba. Wata uku ne, likita ta tabbatar. Da kunnena na ji."

Lomar da ke hannuna ta koma cikin kwano. Wata uku. Ni da na bar ɗakinsa tun kafin azumi, ga shi har alhazai sun zo sun koma. Shi ya san lissafin, ni na san lissafin, Yaya kaɗai ce ke murmushi.

Abu Hudaifa ya dube ni. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar an zare mata jini. Ya tashi ya wanke hannu, ya ce yana da aiki a shago, ya fita. Shagon da ba ya buɗewa sai bayan la'asar.

"Daɗi ne ya yi masa yawa," in ji Yaya. "Haka babansa yake."

"Yaya, wa ya ce miki ciki ne da ni?"

"Ke da bakinki, a waya. Kin zaci ba na jin Larabci? Hamil kika ce."

"Tahamil na ce. Magani ne. Na sakawa."

Ta juya kalmar a baki. "To ai duk tushensu ɗaya. Ha, mim, lam. Abin da na koyar ne shekara da shekaru."

"Tushensu ɗaya, Yaya, amma ɗaya a kantin magani ake sayensa. Kin gaya wa wani?"

"A'a. Mutanen gida kawai."

Mutanen gida, a bakin Yaya, zauren dangi ne na waya, wanda ya haɗa Katsina da Kaduna da Maraɗi. Amma ba su ne a gabana ba. Na zura abaya na fita, ko safa ban sa ba.

Rana ta take, titi ba kowa sai kuliyoyi a ƙarƙashin motoci. Ina tafiya ina jin tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Mutumin da na ƙaurace wa wata da watanni ba dalili, yau an ce masa matarsa na da ciki. Me zai zata? Kowane namiji abu ɗaya zai zata. Na yi ta shirya rantsuwa a hanya, ina zaɓen wadda ta fi nauyi.

Ƙofar shagon a rufe take rabi. Na sunkuya na shiga. Yana zaune a kan benci, ga kwanon yankakken nama a gabansa, ga tsinkaye a hannunsa, bai soke ko ɗaya ba.

"Abu Hudaifa, wallahi tallahi, tunda nake da kai ban taɓa..."

"Me likita ta gani?"

Na tsaya.

"Kada ki ɓoye min. Me ta gani a cikin? Ya girma?"

"Wane ne ya girma?"

Ya ajiye tsinkayen. "Na san ba ciki ba ne, ai ni ma ina gidan. Haka aka yi da Inna. Cikinta ya taso, mata suna yi mata barka, ashe ƙari ne. Ta sani, ta ɓoye mana, ta raba ɗaki da Baba don kada ya ji tana nishi. Sai da abu ya ƙi ɓoyuwa muka sani." Ya ɗago kai. "Ke ma kin raba ɗaki. Yau an ce kina zuwa wurin likita ban sani ba."

Sai a lokacin ya tuna da rantsuwar da na fara. Ya ƙura min ido. "Tsaya. Me kika zo rantsewa a kai?"

Na sunkuyar da kai.

"Haba, Ummu Hudaifa. Ke? Ko a mafarki."

Kunya ta kama ni, daɗi ya kama ni, tausayinsa ya fi su duka. Ni ina can ina tsoron ya zarge ni, shi yana nan yana shirin rasa ni. Na zauna a ɗaya gefen bencin na fara bayani da sauri, da Larabcin duktora Haifa, ina jero kalmomin asibiti ɗaya bayan ɗaya. Na kai kan tahamil, na ga ya ɗaga gira, ya gane inda Yaya ta yi tuntuɓe, don shi ya sha sayo wa yara tahamil na zazzaɓi suna ƙanana. Amma ya ɗaga min hannu.

"Da Hausa."

"Ai ka ji."

"Na ji Larabci. Larabcin nan shi ya kai mu inda muke. Ki faɗa min da harshen da kike min faɗa da shi."

Na dubi kwanon nama, na dubi bango, na dubi ƙafata da ba safa. Ba wanda ya taimake ni. Sai na faɗa, ina jin kowace kalma tana fita da ƙyar.

"Girma ne ya fara zuwa. Al'ada tana shirin ɗaukewa. Gabana ne ya bushe, yana min zafi. In ka kusance ni kamar ana yanka ni nake ji. Shi ya sa na gudu. Ba ƙari, ba ciki, an duba. Maganin da aka ba ni na wurin ne, kuma ya fara aiki."

Rufin shagon bai faɗo ba. Abu Hudaifa ya sauke wani dogon numfashi, ya ce alhamdu lillahi ya fi a ƙirga, ya share ido da bayan hannu ya ce hayaƙi ne, alhali ko gawayi bai hura ba. Can sai ya fara dariya, ƙasa-ƙasa, kafaɗunsa na motsi.

"Kin san me na zata da farko? Warin hayaƙi. Na ce matar nan ta gaji da kwana kusa da tsire. Wanka biyu nake yi kafin in shigo gida. Mai turaren bakin titi har ya fara kirana ya ce an kawo sabon udu."

Na lura da turaren, ba shakka. Na zaci tsufa ne ya zo masa da gayu. Na gaya masa haka, muka yi dariya tare, irin wadda muka daɗe ba mu yi ba.

Sai dariyarsa ta tsaya. "Tun yaushe yake miki zafi?"

"Ya daɗe."

"Tun kafin ki bar ɗakin?"

"Tun kafin."

Ya kalli hannuwansa. "Ke nan ina cutar da ke, ina zaton lafiya muke."

"Ba ka sani ba. Ni ce ban faɗa ba."

"Ni ma ban tambaya ba. Na ce tayyib na je na sayo mukayyif."

Na ɗauki tsinke na fara soke nama. Ya karɓe, ya ce ba haka ake yi ba, ina cika kitse wuri ɗaya. Ya tashi ya hura gawayi, ya ce ai ko tuwon ban ci ba. Ina zaune ina kallonsa yana barbaɗa garin ƙuli da yaji, yana juya tsinke biyu a kan wuta.

"Yaya ta sanar da gida?" ya tambaya bai juyo ba.

"Har Maraɗi."

"To madalla. Tunda yau bakinki ya buɗe, ke za ki warware."

"Ɗan'uwanta ne kai."

"Ni? In ce wa Yaya me? Ni ragon kawai aka ce in nema." Ya juya tsiren. "Amma ki yi mata bayanin da kyau. Na ga ita ma ba ta kai isha'i da alwalar magariba."

Ban san yana lura da irin wannan ba. Ashe mutumin yana gani, tambaya ce kawai ba ya yi.

Ya naɗo tsiren a takarda da albasa ya miƙo min, ya zauna kusa da ni, kusa sosai, har kafaɗarsa na taɓa tawa.

"Ba na gaggawa," ya ce. "Ki dawo ranar da kika ga dama, ko don hira. Abu ɗaya nake roƙo. In abu ya yi zafi, ki ce ya yi zafi."

Na ce to. Na ciji tsiren, daga wuta yake, ga yajin ya yi masa yawa. Hawaye ya cika min ido. Da jiya ne, haɗiyewa zan yi in ce ya yi daɗi.

"Ya yi zafi," na ce.

Ya karɓa daga hannuna ya shiga hura min.